Matakala Ɗari da Sha Huɗu

Ni Eleuterio, shekara saba'in da tara,
gidana na kan tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da sha huɗu tsakanina da mai burodi.
Da ƙuruciya ban taɓa ƙirga su ba.
Gwiwa ce ta koya mini lissafi.

Tun da Rosalba ta rasu gidan ya yi mini yawa.
'Yata Maite ta zo daga Santiago da takarda a jaka,
ta ce, Baba, kare za ka samu,
ga jerin waɗanda suka dace da dattawa.
Na ce, yanzu har kare sai an rubuta wa mutum
kamar maganin hawan jini?

Ni na san wanda nake so:
ƙato, baƙi wuluk, ƙirji kamar ƙofar sito,
irin Trueno da na riƙe ina ɗan talatin,
mai raka ni tashar jiragen ruwa da asuba
ya komo gida shi kaɗai.

Ranar Asabar muka je gidan karnuka marasa kowa.
Nicanor, mai kula da wurin, kujera ya fara ba ni.
Matakala nawa? ya ce.
In ya hango kyanwa ya fizgi igiya, wa zai faɗi?
In ciwo ya kwantar da shi da tsakar dare, za ka iya sungumarsa?
Fanshonka zai riƙe ciki biyu?
Sai ya dubi Maite, ya dube ni,
ya ce, kwikwiyo kan kai shekara goma sha biyar.
Bai ƙarasa ba.
Na ƙarasa masa a zuci.

Muka zaga.
Ga mai nannaɗaɗɗen gashi kamar ɗan tunkiya,
wayo fal, amma yana son wanzami fiye da ni.
Ga mai dogon baya da gajerun ƙafafu,
Nicanor ya girgiza kai: matakala na cin irin wannan baya.
Ga mai shafaffen hanci yana ta haki,
na ce masu haki biyu sun yi wa ɗaki ɗaya yawa.
Ga na makiyaya, idonsa garwashi,
yana neman aikin da ba ni da shi.

Ƙaton baƙin ma yana nan.
Ya ɗora ƙafafunsa a kafaɗata don murna,
sai ga ni a hannun Maite, hulata a ƙasa.
Na shafa kansa.
Na yi wa Trueno ban kwana karo na biyu.

A keji na ƙarshe, wata 'yar karya,
ba wanda ya san asalinta, kilo bakwai,
shekara tara, furfura ta zagaye baki.
Mai ita ta rasu a sanyin watan Yuli.
Ba haushi, ba tsalle.
Ta shinshina sandata,
ta zauna a kan takalmina kamar mun yi alkawari.

Maite ta ce, ai ba ta cikin jerin.
Nicanor ya ce, jerin bai taɓa hawa tudunku ba.
Akwai wani layi a ƙasan takarda:
wa zai ɗauke ta in ta kama.
Maite ta sa hannu ba ta ɗago kai ba.

Sunanta Canela. Ban canza ba,
tsoho ba a sake masa suna.
Ba ta da sauri, ba ta da labari mai yawa,
ta ƙi jinin ruwan sama, tana munshari kamar Rosalba.

Kullum da safe mu sauka, mu sayo burodi, mu hau.
A mataki na sittin da ɗaya,
inda nake tsayawa in yi kamar teku nake kallo,
nan ita ma take tsayawa
ta yi kamar akwai wani abu a jikin bango.
Har yau ba wanda ya tona wa wani asiri.